Fenti a Kan Tsatsa: Ina Gyara Ya Tsaya, Ina Algus Ya Fara?

Kudancin Kogin Kaduna yanki ne da ƙarfe ya raina. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, a nan aka kafa masana'antar kayan tsaro ta DICON a 1964, a nan kuma kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, har 504 ta zama motar da babu ɗan Nijeriyar da bai san ta ba. Can gaba a hanyar Kachia, matatar mai ta soma aiki a 1980. Yawancin masaƙun sun yi shiru tun cikin shekarun 2000, amma sun bar wa unguwannin gado guda, wato hannayen da suka san ƙarfe. Daga Makera zuwa Nasarawa, daga Television zuwa Sabon Tasha, da wuya mutum ya yi tafiya mai nisa bai ji amon guduma a jikin mota ba, ko bai ga tartsatsin walda a gindin wata bishiya ba.

Motocin da ake kai wa waɗannan gareji ba na yawon shan iska ba ne. Akori-kura ce mai dakon bulo, ko Canter mai rarraba ruwan leda, ko Dyna mai ɗauko citta da masara daga wajen Kachia, ko tifa mai kwasar yashi a bakin kogi. Kowace ɗaya tana ciyar da gida uku ko huɗu: na mai ita, na direba, na yaron mota, da na 'yan dako. Kuma kusan dukkansu sun kwana biyu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta yi ƙasa, sabuwar motar aiki ta ƙara yi wa talaka nisa, sai aka koma ana lallaɓa tsofaffin. Abin da ke cin su a ɓoye tsatsa ce. Abin da ake rufe ta da shi kuwa, fila da fenti.

To, mutumin da ya kai motarsa aka cike ramukan tsatsa aka fesa mata sabon fenti, ya yi laifi a wurin Allah? Tambayar ta fi yadda ake zato zurfi, domin aiki iri ɗaya, da hannu ɗaya, da gwangwanin fenti ɗaya, yana iya zama tattalin dukiya, yana kuma iya zama cin dukiyar wani da ɓarna. Malaman fiƙihu ba sa yanke hukunci a kan abu sai sun san siffarsa, don haka mu ma bari mu fara leƙa ƙarƙashin motar.

Tsatsa ƙarfen ne da kansa yake rikiɗa. Idan ya daɗe yana haɗuwa da danshi da iska, sai ya koma jan ɓarɓashi, wanda ya fi asalin ƙarfen cin wuri ninki da yawa. Shi ya sa fenti kan yi ƙuraje kafin ya fashe: abin da ke ciki ne yake turo shi waje. Gishiri, takin zamani da ruwan batir suna ƙara wa ɓarnar sauri. Motar da ta yi kaka tana dakon taki, ko tifar da kullum take ɗauke da jiƙaƙƙen yashi, tana ruɓewa tun daga daɓenta. Daminar Kaduna doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma jar lakar da ke maƙalewa a lungunan ƙarƙashin mota tana riƙe laima kwana da kwanaki bayan hanya ta bushe.

Akwai kuma tsatsar da aka sayo da kuɗi. Da yawa daga cikin motocin da har yanzu ake kira 'yan Kwatano, duk da gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa tun Janairun 2017, sun yi ƙuruciyarsu ne a Turai ko Amurka ko Kanada, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Gishirin yana shiga cikin shasi, wato ƙashin bayan mota, ya zauna. Ba ƙaramar matsala ba ce ko a can. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da wani sulhu a Amurka da aka ƙiyasta zai iya kai wa dala biliyan 3.4, saboda ruɓewar shasin motocin Tacoma, Tundra da Sequoia kimanin miliyan ɗaya da rabi. A Ingila kuwa, motar da aka samu ruɓa mai tsanani cikin santimita 30 daga inda birki ko sitiyari ko sifirin ya maƙale ba ta cin gwajin shekara, kuma cike wurin da fila ba ya zama gyara a wurinsu. Irin motar da ta gaza a can, wani lokaci ita ce ke sauka a nan da sabon suna.

Gyaran gaskiya sananne ne ga kowane mai gyaran bodi. A yanke wurin da ya ruɓe har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a yanko sabon falle a yi masa walda, a gurje, a shafa fentin farko mai hana tsatsa, sannan a sa fila kaɗan don daidaita fuska, a goge da samfefa, a fesa launi. Yana cin lokaci, yana cin kuɗi. Ɗaya hanyar kuwa ta wuni guda ce: a cusa kwali ko ragar waya ko takardar buhun siminti a ramin, a lafta fila mai kauri, a goge, a fesa. Ƙarƙashi kuma a bi shi da baƙin fenti mai kauri ko baƙin mai, ya yi sheƙi kamar bai taɓa taka laka ba. Fila ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyi, kuma tana tsotsar laima idan ruwa ya same ta ta baya. Tsatsar da aka rufe tana ci gaba da aikinta cikin natsuwa, sau da yawa ma fiye da da, domin yanzu danshin ba shi da mafita. Zafin Maris da Afrilu yana buɗa ƙarfe, ramukan hanya suna girgiza shi, sai layin tsagewa ya bayyana. Motar da aka yi wa irin wannan kwalliya da rani, asirinta yakan tonu ne a cikin Agusta, lokacin da mai sayarwa ya daɗe da cinye kuɗin.

A nan ne hadisin nan da ɗaliban Islamiyya suka sani yake zuwa daidai kamar don garejin aka faɗe shi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya wuce ta wurin wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki, sai yatsunsa suka ji laima. Da ya tambayi mai abincin, sai ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, sannan ya nesanta kansa daga duk mai yin algus. Abin lura shi ne, mutumin bai yi ƙarya ba. Ruwan sama ne da gaske, kuma ba shi ya saukar da shi ba. Laifinsa tsarin da ya yi wa kayan ne: mai kyau a sama, mai aibi a ƙasa. Mai motar da zai ce “ai ba ni na sa mata tsatsa ba, damina ce” ya maimaita uzurin nan kalma da kalma, kuma amsar da aka ba wancan ita ce tasa.

Wasu kan kāre kansu da cewa bakinsu bai furta komai ba; mai saye ya zo ya duba da idonsa, ya yaba, ya biya. Shari'a ta san wannan dabarar tun kafin a ƙera mota. A zamanin Annabi akwai masu ƙin tatsar taguwa ko tunkiya na 'yan kwanaki kafin kasuwa, don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Buhari da Muslim duk sun ruwaito hanin yin haka, aka kuma ba wanda ya saya zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya sha. A wata ruwayar Muslim an ba shi kwana uku. Mai tunkiyar bai ce komai ba shi ma, hantsar ce ta yi magana a madadinsa. Daga nan malaman Malikiyya suka fitar da ƙa'idar cewa ruɗi da aiki daidai yake da sharaɗin da aka faɗa da baki. Masu sharhin Muhtasar na Shaihu Halil sun kawo misalan da suka yi kama da namu ƙwarai: rina tsohon tufa don a zaci sabo ne, da goge takobi ya yi walƙiya don a zaci ƙarfensa nagari ne. Idan aka cire tufa aka sa akori-kura, aka cire baba aka sa fenti, mas'alar ba ta canja ba.

Ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin da ake karantawa a kusan kowane zaure a ƙasar Hausa. Bayan ya lissafa nau'o'in ha'inci da aka hana a ciniki, ya nuna cewa bai halatta mai kaya ya ɓoye wani abu game da hajarsa ba matuƙar faɗarsa za ta sa mai saye ya ƙi ta, ko ta rage mata kuɗi. Mai mota ba ya buƙatar mufti don ya yi amfani da wannan ma'auni. Ya tambayi zuciyarsa kawai: da zan gaya masa cewa ƙarƙashin ƙofar nan kwali ne da fila, kuma maƙalar sifirin ta baya ta ci rabi, zai biya wannan kuɗin? Idan amsar a'a ce, to bambancin da ke tsakanin farashin biyu ba nasa ba ne. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta rataya halaccin ciniki ne a kan yardar juna, kuma wanda ya yarda da motar da ya gani a ido bai yarda da wadda ke ƙarƙashin fentin ba.

Akwai wata kalma da ta zama garkuwa a bakin masu sayar da tsofaffin motoci: “Yadda ka gan ta haka take, in ka fita da ita ba dawowa.” Wani ma yakan ƙara da raha, ya ce “tarkace na sayar maka”, da nufin duk abin da ya ɓullo daga baya ya riga ya faɗa. A mazhabar Imamu Malik wannan ba ya wanke wanda ya san aibin. Wajibi ne ya ambace shi, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kada ya dunƙule. “Tsohuwar mota ce, ka san halin ƙarfe” ba bayani ba ne, domin kowa ya san tsohuwa ce. Abin da mai saye bai sani ba shi ne ina da ina, kuma zuwa wane zurfi. Muwaɗɗa ta kawo labarin Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya ƙara musu yarda, wanda ya sayar da wani bawa a kan dirhami 800 bisa sharaɗin kuɓuta daga kowane aibi. Mai saye ya sami wata cuta a jikin bawan, suka je gaban Halifa Usman ɗan Affan. Halifa bai tsaya ga sharaɗin ba, sai ya nemi Ibn Umar ya rantse cewa ya sayar ne ba tare da sanin wata cuta ba. Ibn Umar ya gwammace ya karɓi bawansa da ya yi rantsuwa. Daga baya bawan ya warke, ya sayar da shi a kan 1,500. Abin da alƙalin ya bi shi ne ilimin mai sayarwa. An sami malamai, musamman Hanafawa, da suka zartar da irin wannan sharaɗi a gaban alƙali, amma zartuwar ciniki a kotu daban, kuɓuta daga zunubin ɓoye abin da ka sani daban.

Mai ɗan karatu zai iya kawo wata hujja. Ai Malikiyya sun ce aibin da ba a iya gane shi sai an fasa abin, kamar ɓarnar ƙwaro a cikin itace ko ɗacin kokwamba, ba a mayar da kaya saboda shi. Haka ne. Amma dalilin shi ne mai saye da mai sayarwa duk jahilcinsu ɗaya game da abin da ke ciki. Wanda ya tsaya a kan mai gyara yana nuna masa ramukan da zai toshe ba ya cikin wannan rangwame.

Sai mai gyaran bodin kansa, wanda a ganinmu shi ne ya fi kowa shiga tsaka mai wuya. Sana'arsa ce rufe tabo, kuma gwanintarsa ita ce kada a gane inda ya taɓa. Shin duk fentin da ya fesa sai ya bi diddigin niyyar mai motar? Imamu Gazali ya kawo a cikin Ihya'u cewa an tambayi Imamu Ahmad ɗan Hambal game da ɗinkin da ake yi wa yagaggen tufa ta yadda ba za a gane ba. Ya amsa cewa bai halatta mai sayarwa ya ɓoye shi ba, kuma yana halatta ga maɗinkin ne idan ya san mai tufan zai bayyana, ko kuma ba sayarwa zai yi ba. Wannan amsa ta zauna daram a kan gareji. Mutum ya kawo motarsa ya ce a gyara masa fuskarta don zai ci gaba da aiki da ita, babu komai a kan mai gyara, ko da aikin na mai ƙaramin ƙarfi ne, muddin ya gaya masa gaskiyar abin da ya yi da tsawon lokacin da zai ɗauka. Amma idan ya ce “a yi mata na kasuwa, jibi masu saye za su zo”, ya kuma nemi a baƙanta ƙarƙashi a daidai inda shasi ya ruɓe, to niyya ta fito fili, kuma hannun da ya riƙe bindigar fentin ya yi tarayya. Mun san maganar tana da nauyi ga magidancin da ke jiran kuɗin cefane daga wannan aikin, mun kuma san cewa in ya ƙi, garejin da ke maƙwabtaka da shi zai karɓa. Sai dai samun wani da zai aikata bai taɓa mayar da haram halal ba. Akwai ma wani algus ɗin da mai gyara ke yi wa mai motar kai tsaye: ya karɓi kuɗin falle da walda, ya yi aikin kwali da fila. Wannan ba ya buƙatar dogon bahasi.

Dillali ma haka. La'adarsa tana ƙaruwa da ƙaruwar farashi, don haka shirunsa yana da riba. Amma mai saye ya dogara da shi ne saboda ana ɗaukarsa masanin mota, kuma Jarir ɗan Abdullahi ya ba da labarin cewa cikin abin da ya yi wa Annabi mubaya'a a kai har da yi wa kowane Musulmi nasiha. Dillalin da ya san inda fila take, ya kuma jagoranci mai saye ya zagaya motar ta gefen da ya fi kyau, da yamma lis lokacin da haske ya yi laushi, ya san abin da yake yi.

Wani abin da ke rikitar da mutanenmu shi ne kalmar rufin asiri. Mun taso muna roƙon Allah Ya rufa mana asiri, muna kuma jin falalar wanda ya suturta ɗan'uwansa. Sai ka ga bakanike ya san motar maƙwabcinsa ruɓaɓɓiya ce, mai saye ya tambaye shi a gefe, ya ce “ba laifi”, yana ganin ya yi zumunci. Suturar da aka kwaɗaitar a kai ta aibin mutum ce wanda tona shi ba ya kare kowa daga cuta. Aibin haja kuwa haƙƙin wanda zai biya kuɗi ne ya san shi. Rufa wa mai sayarwa asiri a nan tona asirin mai saye ne, wanda watakila kuɗin sallamarsa daga aiki ne ya zuba, ko gadon marayu, ko bashin da zai riƙa biya da balas na kullum.

Wajibi ne kuma mu faɗi wata magana da ta shafi wannan yanki musamman. Tun bayan rikice-rikicen Fabrairun 2000 da Nuwamban 2002, kogin ya zama kamar iyaka a zukatan mutane: Musulmi suka fi yawa a arewa, Kirista suka fi yawa a kudu. Gareji da tashar mota da kasuwar kayan gyara suna cikin 'yan wuraren da har yau ake cuɗanya kullum, inda mai mota daga Kakuri yake sayar wa mutumin Sabon Tasha ko Romi, ko ya saya daga gare shi. Kada wani ya ga wasu ruwayoyi sun ambaci ɗan'uwa Musulmi ya zaci ha'intar wanda ba Musulmi ba tana da sauƙi. Haramcin algus bai ware addinin mai saye ba, dukiyar maƙwabci mai zaman amana kuwa tana da alfarma. Har ma ɓarnar ta fi faɗi, domin wanda aka cuta ba zai ce wane ya cuce ni ba, jama'a guda zai ambata, kuma a garin da ya sha wahalar zargin juna wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk abin da ya gabata a kan ciniki ne. Amma tsatsar motar aiki ta bambanta da yagewar tufa ta fuska guda mai girma: tana iya kashe wanda bai saya ba, bai sayar ba. Tsatsar da ke gefen bodi ko ƙasan ƙofa muni ce kawai. Wadda ke kan shasi, ko maƙalar sifirin, ko inda kan mota ya zauna, ko bututun man birki, wannan maganar rai ce. Motar da ta ɗauko bulo ko yashi fiye da ƙima, da leburori zaune a kan kayan, ta faɗa rami a hanyar Kachia ko ta taka birki da ƙarfi a Command Junction, a lokacin ne ƙarfen da ya zama ɓawo yake sallamawa. Saboda haka mai motar da ba shi da niyyar sayarwa ma bai kuɓuta ba idan ya rufe irin wannan wuri ya miƙa wa direba makulli. Direban ya hau ne bisa amana, yaron mota bai san komai ba, mai babur da ke biye da su balle. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana daga cikin ginshiƙan fiƙihu. Haka nan wanda ya yi wa motarsa kwalliya don jami'an KASTLEA ko na Hukumar Kiyaye Haɗurra su gan ta fes su bar ta ta wuce, ya yi wa dokar da aka sa don kare rayuka irin abin da mai tunkiya ya yi wa mai saye. Mai ba da mota haya shi ma yana ƙarƙashin wannan hukunci.

Uzurin da muka fi ji, kuma wanda ya fi taɓa zuciya, shi ne “ni ma haka aka sayar mini”. Gaskiya ne sau da yawa. Mota ɗaya takan bi hannu biyar, kowane hannu ya ƙara mata fila ya tura wa na gaba, kamar garwashin da kowa ke jefa wa maƙwabcinsa. Amma haƙƙin wanda aka zalunta yana wuyan wanda ya zalunce shi, ba ya tashi ya koma kan baƙon da bai ji ba bai gani ba.

Kuma shari'a ba ta bar wanda aka cuta hannu rabbana ba. Idan aibin ya girmi cinikin, mai saye bai san da shi ba, kuma irin wanda ke rage daraja ne, yana da zaɓin ya mayar da motar ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe ta. Idan mayarwa ta gagara saboda motar ta canja ƙwarai, sai a ƙiyasta kuɗinta da aibin da kuma ba tare da shi ba, a mayar masa da bambancin. Malikiyya sun ƙara tsananta wa wanda ya ɓoye da gangan: idan hajar ta halaka sanadin aibin da ya ɓoye, asarar tasa ce, zai mayar da kuɗi duka. Wato in shasin da aka shafe ya karye motar ta tashi daga aiki, ba a cewa mai saye ƙaddararsa ce. Dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018 ita ma ta hana yaudara wajen siffanta kaya. Sai dai mai saye ya kiyaye abu guda: idan ya gano aibin ya yi shiru na tsawon lokaci ba tare da uzuri ba, ko ya ci gaba da dako da motar kamar babu abin da ya faru, ana ɗaukar haka a matsayin yarda, zaɓinsa ya faɗi. Wanda ya ga fenti ya tsage a Agusta, bai kamata ya jira Disamba ba.

Tun kafin a kai ga haka, bincike ba rashin yarda da Musulmi ba ne. A duba mota da rana tsaka, a tsaya a gefe a kalli jikinta a karkace, domin fila takan yi tudu da kwari. Ɗan ƙaramin maganaɗisu yana kama ƙarfe, ba ya kama wurin da fila ta yi kauri. A ƙwanƙwasa da makulli: ƙarfe yana amsawa, fila tana yin shiru. A ɗaga shimfiɗar ƙafa, a duba mazaunin batir, a kwanta a leƙa shasi da tocila, a taɓa shi da guduma. Tsohuwar motar da ƙarƙashinta ya fi samanta sabunta tana da abin da take ɓoyewa.

A kasuwar Hausa, idan aka yi tayin da bai kai ba, mai kaya ba ya cewa “na ƙi”, sai ya ce “albarka”. Kalmar da muke ciniki da ita ke nan, kuma ita ce wadda hadisin Hakim ɗan Hizam, da Buhari da Muslim suka ruwaito, ya rataya a kan abu biyu: idan masu ciniki suka yi gaskiya suka bayyana, a sa musu albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe ta. Bayyanawar ba ta hana mutum ya gyara motarsa ta yi kyau kafin ya kai ta kasuwa. Babu wanda ya ce a sayar da ita da ramuka a buɗe. A yi walda, a yi fenti, sannan a kama hannun mai saye a kai shi wurin: nan an yanke an sa falle, nan fila ce kawai, wannan maƙalar tana son canji kafin damina. Yau da kusan kowa ke da waya, hoton wurin kafin a rufe shi ya wadatar. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaida idan an yi ciniki, don haka a rubuta waɗannan wurare a takardar sayarwa, shaidu biyu su sa hannu. Farashin zai ragu, babu shakka, wani mai sayen ma zai juya ya tafi. Wanda ya tsaya ya saya kuwa ya san nawa zai ware wa mai walda kafin ya ɗora wa motar kayan farko.